Bargunan da Suka Zuba

Shekarar da aka sallami maigidana daga masaƙa muna zaune a Na'ibawa, a wani gidan haya mai ɗakuna a jere, kowane ɗaki da iyalinsa. A lokacin unguwar ba ta cika haka ba. In ka fito ƙofar gida kana hango gonakin gero, in iska ta juyo kuma kana jin jiniyar kamfanonin Sharada. Shi a Challawa yake aiki, a ɗakin da injuna suke tsefe auduga kafin a kai ta wajen kaɗi. Kullum da yamma zai dawo a kan kekensa da farin abu a gira da gemu da cikin kunne. Muna da yara biyu, babbar mace, ƙaramin namiji wanda ban daɗe da yaye shi ba.

Tarin ya fara masa tun kafin a haifi ƙaramin. Da farko ranar Litinin kawai yake matsa masa, in ya koma cikin audugar bayan hutun mako, sai ya ji ƙirjinsa ya ɗaure. Daga baya ya daina zaɓar rana. Ya kai ga ba ya iya tuƙa keke zuwa Challawa sai ya sauka ya huta a hanya, wani lokaci ya iso an rufe ƙofa. Da kamfanin ya ce kayan aiki sun yanke, za a rage mutane, da masu yawan fashi aka fara. Ranar na gan shi ya shigo da hantsi yana tura keken, na san an sallame shi, na kawo masa ruwa.

Mun je asibiti aka ɗauki hoton ƙirjinsa. Likitan ya ce ba tarin fuka ba ne, ƙurar auduga ce ta zauna masa a huhu, ba ya yaɗuwa, ba kuma a warkewa. Ya ce ya nisanci ƙura, ya riƙa cin abinci mai kyau. Muka yi godiya muka fito. Abin da aka ba shi na sallama bai kai mu ƙarshen damina ba. Keken ya tafi, rediyo ya bi shi, sannan kwanukan jerena suka riƙa fita ɗaya bayan ɗaya. Ya gwada dako a Sharada, buhu na farko ya durƙusar da shi, abokansa suka riƙo shi har gida.

Daga nan ya zauna. Kwanciya ma ba ya iyawa, in ya miƙe numfashinsa sai ya tsaya, don haka a zaune yake barci, ya jingina da bango. Da rana yana bakin ƙofa a kan tabarma, hannuwansa a kan cinya. Mutum ne da bai san zaman banza ba, kuma abin da ya fi ba ni tsoro ke nan, yadda yake kallon hannuwan nan nasa.

A ɗakin da yake kallon namu akwai wata mata 'yar kudancin Zariya, Kirista, mijinta ya rasu, tana aikin naɗe alewa a wani kamfani a Bompai. Kowa a gidan Maman 'Yan Biyu yake ce mata. Ta girme ni sosai. Wata Asabar na shiga ɗakinta neman gishiri, na ga abin da ta shimfiɗa a gado, wani bargo da aka haɗa da ƙananan ƙyallaye masu kusurwa uku, ja da shuɗi da ɗorawa, kowane yana kallon ɗan'uwansa. Ta ce a wajen matan cocinsu ta koya tun tana budurwa. Ta ga na daɗe ina shafa shi, sai ta tambaye ni ko na iya riƙe allura. Na ce na iya ɗinkin hula. Ta ce ai wanda ya yi hula wannan ba zai gagare shi ba.

Bayan kwana kaɗan ta shigo mana da buhu a ka. Wani ɗan garinsu ne yake shara a wani kamfanin yadi a Bompai, shi ya tara mata abin da ake zubarwa, bakin yadi, da ragowar yanka, da atamfar da bugunta ya lalace. Ta zazzage a tsakar ɗakinmu. Yara suka faɗa ciki suna birgima. Ta zauna ta nuna mini dalilin kusurwa uku: ragowar yanka yawanci a karkace suke zuwa, in ka ce murabba'i za ka fitar rabin ƙyallen zai tafi a banza, amma mai kusurwa uku ko a ɗan tsiri yana fita. Ta nuna mini yadda ake kifa biyu fuska da fuska a ɗinke dogon gefen, a buɗe, a danne da farce, su zama murabba'i ɗaya mai launi biyu. Ta gargaɗe ni da kada in ja dogon gefen nan, domin shi ne yake miƙewa, in ya miƙe kuwa tsinin ba zai haɗu da na kusa da shi ba.

Maigidana yana daga bakin ƙofa yana ji. Da ta tafi na fara yanka da kwalin awo mai kusurwa uku da ta bar mini, kafin la'asar gefen kwalin ya cinye, yankan ya fara fita wani babba wani ƙarami. Sai ya ce in miƙo masa gwangwanin madarar da muke awon gero da shi. Ya fasa shi, ya daddale da dutse, ya yanke kusurwa uku daga jikinsa, ya goge bakin a kan siminti har ya daina yanka hannu. Ya karɓi almakashin daga hannuna. Tun daga ranar yanka ya zama nasa.

Haka muka raba aikin. Shi ya ɗaure hanci da baki da ƙyalle saboda burbushin yadi, ya ɗora gwangwani ya zana da gawayi ya yanka, ya jera su a faifai launi-launi. Ni in haɗa. In layi ya cika in haɗa shi da layi, in fuskar ta cika in shimfiɗa tsofaffin zannuwa a tsakiya, in yi shafi da buhun fulawa na yadi da na wanke, sannan in bi duka da dogon ɗinki don kada cikin ya taru wuri ɗaya. Auduga ba mu sa ba ko sau ɗaya, ko sunanta ba ya son ji. Bai daɗe ba shi ma ya karɓi allura, ɗinkinsa ma ya fi nawa miƙewa. In tsini huɗu ba su haɗu daidai ba sai ya farke, ko da ni ce na ɗinka. Nakan ce masa mai jin sanyi ba tsini yake dubawa ba. Ya ce shi yana dubawa.

Buhun farko ya ƙare, ɗan garin Mama kuma aka sallame shi shi ma. Dole wani ya fita neman ƙyalle. Ni kuwa tun da aka kawo ni gidan ban taɓa fita da rana ba sai asibiti ko suna. Na yi ta juya maganar a raina, sai shi ne ya fara faɗa. Yana yanka, bai ɗago ba, ya ce gobe in bi matan da suke zuwa Sharada.

A ƙafa muke zuwa. Mu bi gefen wata kwata mai ruwan rini, yau ja gobe kore, har bayan katangar kamfanonin inda ake fito da shara. A da, in ji matan, kyauta ake kwasa har a bar saura. Amma injuna sun rage gudu, sharar ta ragu, masu nema sun ƙaru: masu cusa matashi, da kanikawa masu neman abin goge hannu, da mata irina. In aka turo kurar shara sai kowa ya faɗa mata. Ranar farko na tsaya kunya, na dawo da abin da bai cika ɗankwali ba. Kafin wata ya zagayo na koyi sa gwiwar hannu. An taɓa yaga mini mayafi, ni ma na taɓa fizge ƙyalle daga hannun wata tsohuwa muka tsaya muna huci muna kallon juna, sannan muka raba shi biyu da haƙori.

Duk kaka muna ɗinki, ba mu sayar da ko ɗaya ba, don ba wanda yake neman bargo kafin sanyi. Abin da muke ci daga wankau nake samowa da surfen da nake yi wa matan gidan. Yatsana na tsakiya ya huje ya warke ya sake hujewa. Barguna suka taru a kusurwar ɗaki, muka rufe su da tabarma saboda ɓera. Duk wanda aka gama sai ya sa in ɗaga masa shi a bakin ƙofa inda haske yake, ya daɗe yana kallo.

Da sanyi ya sauka sai suka fara fita. Masu gadi ne suka fara saya, sai wasu samari 'yan Nijar da suke aiki a majema a Challawa, suna kwana su da yawa a ɗaki ɗaya ba abin rufa. Daga nan matan ma'aikata suka fara aikowa. A makonnin nan mun ci shinkafa, na sa kifi a miya, na saya masa maganin da likita ya rubuta tun da damina. Ranar wata Juma'a ya sa riga ya taka har masallaci da ƙafarsa, abin da ya daɗe bai yi ba. Duk abin da ya shigo muka mai da shi zare da buhunan shafi, muka ƙara zama a kan ɗinki, don mu cim ma sanyin kafin ya wuce.

Wata safiya ina shara sai ga wata mata ta shigo gidan, matar wani da suka yi aiki tare da maigidana. Ta sayi bargo a wurinmu ba da daɗewa ba. Ta zo da shi a cikin buhu, ta riƙe bakin buhun da 'yan yatsu biyu nesa da jikinta. Ba ta yi sallama a ƙofarmu ba, a tsakar gida ta ajiye shi. Ta ce tun da ta rufa wa ɗanta shi yake tari, ya kwana uku ba ya barci. Ta ce an gaya mata wanda ya ɗinka shi, da irin ciwon da yake fama da shi.

Na ce mata likita ya duba, ba mai yaɗuwa ba ne. Na ce yaran unguwa duk tari suke yi, lokacinsa ne.

"Ni ban san likita ba," in ji ta. "Na san dai a kansa yake tari yana ɗinki. Ki ji tsoron Allah, 'ya'ya gare ki ke ma."

Ba ta ɗaga murya ba, amma duk ƙofofin gidan a buɗe suke. Maigidana yana zaune a wurinsa da allura a hannu. Ta juya ta fita ba ta ko dube shi ba.

Ma'aikatan nan duk sun san juna, daga Challawa har Bompai bas ɗaya suke hawa, wurin mai shayi ɗaya suke zama. Kafin mako ya fita maganar ta zaga. Wanda ya ce a ajiye masa bai dawo ba. Na ɗauki biyu na kai ƙofar wani kamfani lokacin tashi, mutane suna zuwa su tsaya su yaba, sai wani ya raɗa musu magana su janye hannu. Mama ta kai wasu cocinsu ranar Lahadi, ta dawo da su yadda ta tafi da su. A cikin gidan ma mata suka hana yaransu shiga ɗakinmu. Moɗar da kowa yake sha da ita a randar tsakar gida aka ɗauke ta aka shigar ɗaki.

Abin da ya fi ciwo, shi kansa ya fara shakka. Ya riƙa tambayata ko likitan ya duba hoton sosai, ko ya ce haka ne don ya kwantar mana da hankali. In ƙaramin ya yi ɗan tari sai ya kafe shi da ido. Ya daina barin yaran su hau cinyarsa. Ni ma, ba zan ɓoye ba, akwai ranar da na tsaya ina sauraron numfashin babbar tana barci da rana.

Shi ya kawo shawarar dafawa. Ya ce a asibiti ai dafa kaya ake yi. Mu dafa su duka, a tsakar gida, da rana tsaka, kowa ya gani da idonsa, su kuma su kai labari. Na ce mu jira Mama ta dawo daga aiki mu tambaye ta. Ya ce sanyi ya kusa wucewa, kuma in an jira yamma wa zai gani. Rabon da in ji ƙarfi a muryarsa haka an daɗe, shi ya sa ban ƙara musu ba.

Na aro rabin duro a wajen wata mai dafa abincin biki. Itacen da muke da shi na wuta ɗaya ne, ba zai yi biyu ba, har da ƙafar wani karyayyen benci na haɗa. Saboda haka muka ce duka za su shiga lokaci guda. Na cika duron da ruwa, na zuba soda da sabulu, da ya tafasa na riƙa cusa su ina dannawa da taɓarya. Shi yana zaune nesa da hayaƙin yana nuna mini inda ya taso. Matan gidan suka fito bakin ƙofofinsu, yadda muke so.

Da farko ruwan ya yi ja-ja, na ce ko datti ne. Sai ya yi jawur. Sai shuɗi ya fito ya shiga cikin jan. Na sa taɓarya na ɗago gefen ɗaya, na ga farin da yake tsakanin launukan babu shi. Ashe yawancin atamfar nan abin da ya sa aka zubar da ita ke nan, rinin bai kama ba. Na fara jawo su waje da taɓarya da hannu, ruwan yana ƙona ni ban ji ba, amma sun yi nauyi, sun cuɗe da juna, kafin in fitar da na ƙasa ruwan ya koma baƙi.

Na ɗauraye su na shanya a igiya da kan katanga. Duk sun zama launi ɗaya, wani ja mai duhu kamar hanta. Wani yadin ya tsuke wani bai tsuke ba, sai suka tattare, suka yi tudu da kwari. In ka matso sosai za ka ga layin ɗinkin da inda tsini ya haɗu da tsini, daga nesa kuwa tsumma ne kawai. Matan suka shige ɗakunansu ɗaya bayan ɗaya. Wata a cikinsu, wadda ta fara ɗauke moɗa, ta fito da man kaɗanya ta ajiye kusa da ni saboda hannuna, ta koma ɗakinta.

Maigidana bai motsa daga inda yake ba har rana ta yi sanyi. Da Mama ta shigo ta ga igiyar, ta ajiye jakarta a ƙasa ta ɗora hannu a ka. Ta ce nata da ruwan sanyi da gishiri take wankewa, ba ta taɓa tunanin ta faɗa mana ba. Ta durƙusa a gabansa tana kuka tana cewa laifinta ne. Ya ce mata, "Tashi, Mama. Ni na ce a dafa."

Sanyi ya wuce, bazara ta shigo. Wannan shi ne lokacin da ban son tunawa. Wankau ya ragu don mutane suna gudun kayansu su shiga hannuna. Garin kwaki muke jiƙawa, wata rana in tsinko zogale a bayan gida in dafa da gishiri. Akwai ranar da na tankaɗe dusar da aka ba ni ladan surfe na dama wa yara. Mama tana kawo mana abin da ta iya, har da fasassun alewa da ake ba su, amma su ma an mai da su aikin rabin mako, ga 'yan biyunta a makaranta. Da ƙanwar mahaifiyata ta zo daga ƙauye ta ga yadda wuyan babbar ya zama, ta ce za ta tafi da ita. Ban hana ba. Yarinyar ba ta yi kuka ba, ta dai riƙa waiwayen babanta har suka fita zaure.

Bayan tafiyarta ya kusan daina magana. Zafi ya fi sanyi wahalar da shi, rufin kwano ne, da rana yakan buɗe baki yana jan iska kamar ba za ta shiga ba. Wata azahar ina yi masa fifita ya riƙe mahucin.

"Ki ɗauki yaron nan ki tafi gida," ya ce. "Ba fushi nake ba. In takarda kike so don kada a tsare ki da surutu, sai in ba ki."

Na tambaye shi wa zai ɗebo masa ruwa.

Ya ce Allah yana nan.

Na ce na san yana nan, shi ya ajiye ni a ɗakin. Na zare mahucin daga hannunsa na ci gaba. Ya juya fuskarsa bango, kafaɗunsa suna rawa, ban sani ba ko tarin ne.

Azumi ya kama a tsakiyar zafin nan. Ranar da na duba babu abin da za a yi buɗa-baki da shi sai ruwa, na naɗe bargunan na ɗaure da igiya, na ɗora a ka, na goya yaro, na nufi Sharada wajen kanikawa. Na ce ko a matsayin tsumman goge hannu su karɓa. Na farko ya ce sun yi kauri. Na biyu ya ce zai karɓa in na yarda ya yayyaga su, abin da ya ce zai bayar kuwa ko mudun gero ba zai saya ba. Ya riga ya sa reza a bakin ɗaya na ce ya bari. Ban san me ya sa ba. Na sake ɗaurewa na koma gindin wata darbejiya na zauna.

Kusa da wurin akwai kamfanin ƙanƙara. Masu kura sun yi layi, ana loda musu manyan sanduna, suna rufewa da garin katako da buhun algarara, ruwa yana ɗiga tun kafin su bar ƙofar. Wani dattijo mai carbi yana tsaye a kansu yana faɗa, da alama shi ne yake sara ya raba musu su kai cikin gari. Ya zo inuwar ya huta, ya ga ƙullina, ya tambayi mene ne. Na ce barguna ne da suka lalace. Ya ce in kwance. Ya kama ɗaya ya matsa tsakanin tafukansa, ya ja gefe da gefe da ƙarfi, ya tambayi hawa nawa ne a ciki.

Na ce masa, "Alhaji, kafin ku taɓa da yawa, wanda ya ɗinka yana tari. An dafa su, shi ya sa suka zama haka."

Ya dube ni ya ce ƙanƙara ba ta kamuwa da tari. Ya ɗauki ɗaya ya sa aka rufa wa kurar da za ta fi nisa, ya ce in dawo gobe. Kafin in tashi ya sa aka fasa mini wani guntu, ya haɗa mini da ɗan abin cefane. Na naɗe guntun a cikin bargo na kawo shi gida bai narke ba. Ranar da ruwan sanyi maigidana ya sha ruwa.

Washegari dattijon ya karɓe su duka. Ya ce wanda ya tafi da bargon ya kai kayansa har cikin birni kusan yadda aka loda masa. Ya ce yana son ƙari, yana da kuraye da yawa, amma kada in ɓata lokaci wajen ƙananan yanka da kwalliya. In samo manyan tsummoki da buhuna, in jera su da kauri, in ɗinke da basilla. Na dawo da gero da sukari da man gyaɗa.

Na gaya wa maigidana komai yadda aka yi, har maganar kwalliyar. Ya ce alhamdu lillahi. Can ya tambaye ni ko jiƙa da ja ba za su farke su ba. Na ce ban sani ba tukuna. Bayan 'yan kwanaki na gamu da ɗaya a kan titin Zariya, wani yana tura kura da gudu, bargon a jiƙe sharkaf, garin katako da laka sun manne masa. Na bi shi har ya tsaya, na roƙe shi in duba. Na dawo na ce masa ya yi baƙi, yana wari, an ɗaure shi da roba ana ja, amma ko ɗinki ɗaya bai ɓalle ba. Ya sa na maimaita masa.

Sauran azumin da basilla na yi shi. Aikin ba ya son gwaninta, ƙarfi yake so, kuma buhunan ƙura gare su, don haka a waje nake yi, nesa da shi. Shi kuma ya ci gaba da yankansa. Duk ɗan ƙyalle mai launi da ya gani a cikin tsummokina sai ya ce in ajiye masa. Ya ɗora gwangwani ya zana ya yanka ya jera a faifai. Na san ba ni da lokacin haɗa su, shi ma ya sani. Bayan Salla da kaɗan almakashin ya fara yi masa nauyi, sai zanen kawai yake yi. Daga baya ya bar wannan ma.

Da ruwan sama ya sauka cinikin ƙanƙara ya ja baya, dattijon ya ce sai kuma wata bazarar. A makon ne yayan maigidana ya zo daga ƙauyensu a ƙasar Haɗeja. Ya shiga ya gan shi, ya fito ya tsaya a tsakar gida ya daɗe, sannan ya ce in haɗa kaya. Kayan ba su da yawa. Muka sa shi a gaban mota kusa da taga don ya sami iska. A ɗakin mahaifiyarsa ya cika, a zaune, kafin a fara yankan gero. Kafin nan an kawo masa babbar ya gan ta.

Ina cikin takaba, wata Lahadi da hantsi, aka ce ina da baƙuwa daga Kano. Mama ce. Ta bar coci ta hau mota tun asuba, ta yi ta tambaya har ta gano garin. Ta cire takalmi ta shiga cikin matan ta zauna, ta yi gaisuwa yadda ake yi, ta ci abin da aka kawo. Da za ta tafi ta ja ni gefe ta ce wata a teburinsu na naɗe alewa za ta koma garinsu, ta riga ta yi wa mai kula da su magana, za a riƙe mini wurin har in fita. Ta ce aikin ba kullum ake yi ba, amma ana yi. Ta ce kuma 'yan biyu sun tafi makarantar kwana, ɗakinta zai ɗauke mu.

Yayansa ya so in zauna a ƙauyen, mahaifiyata ma haka. Na saurare su duka. Da na fita takaba na ɗauki yarana biyu muka hau motar Kano, muka sauka da la'asar. Washegari da sassafe na bar su a hannun matar da ta taɓa ba ni man kaɗanya, na bi Mama muka shiga bas ɗin Bompai.